Sabon Boxer da Tsoho: Abin da Mahaya ke Cewa, da Abin da Muka Gani

Wani zai ce me ya haɗa mutumin Maiduguri da zancen babur, alhali tun watan Yulin 2011 gwamnatin Kashim Shettima ta hana hawansa a cikin birni da Jere? Gaskiya ne, yaron da aka haifa a Hausari a shekarar, yau ya zama saurayi bai taɓa ganin ɗan acaɓa a bakin Kasuwar Litinin ba, Keke Napep ya sani. Amma babur ɗin da ya bar titinmu bai bar aljihunmu ba. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da yawa sun bi shi inda ya tafi. Wasu sun nufi Kano, aka hana ɗaukar fasinja a can a watan Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa Sarki Ado Bayero. Wasu sun gangara Legas, nan ma daga 1 ga Yunin 2022 aka kore su daga ƙananan hukumomi shida. Yau suna hanyoyin ƙauyukan Azare da Misau da Hadeja, wasu sun ƙetara Kusiri da Injamena. Kuɗin babur ɗin kuwa daga nan yake fita: adashen uwa, ribar rumfar uba, gadon marayu. Babur sabo ya haura naira miliyan ɗaya. Wanda gobarar 26 ga Fabrairun 2023 ta cinye wa rumfa, ambaliyar Alau ta Satumbar 2024 ta bi ta kan gidansa, ba shi da miliyan ɗin da zai yi gwaji da ita.

Shi ya sa muka zauna da waɗanda suka zo gida hutun Sallah, da makanikai, da tsofaffin mahaya, muka tambaye su game da Boxer BM150 na kamfanin Bajaj na Indiya, wanda samari ke rububi, da BM100 da ya riga shi.

A takarda bambancin a fili yake. Injin tsohon kusan cc 100 ne, ƙarfinsa wajen doki 8. Na sabon ya kusa cc 145, ƙarfinsa wajen doki 12. Tsohon da kik aka san shi. Sabon yana da sitata, ka danna ya tashi. Akwai na sabon mai giya biyar, ga wurin cajin waya, ga wasu da ƙafar alminiyam maimakon ƙafa mai waya. To amma takarda ba ta hawa babur.

Masu yabon sabon, yawancinsu masu doguwar tafiya ne. Suka ce idan ka ɗora buhun masara biyu da mutum a baya, tsohon sai ya riƙa kuka a hawa, kana saukar da giya kana lallashi, sabon kuwa ko a jikinsa. Suka ce a kan kwalta, tsohon idan ya yi nisa hannu da ƙafa har sanyi suke saboda karkarwa, domin injin yana iyakar ƙoƙarinsa, shi kuwa mai giya biyar yana tafe yana hutawa. Wannan magana mun yarda da ita, don tana da dalili: ƙaramin inji sai ya yi juyi da yawa kafin ya ba da gudun da babba zai bayar cikin sauƙi, juyin nan kuma shi ne zafi, shi ne cin ringi da fistin. Sitata ma ba ƙaramin abu ba ne ga wanda injinsa ya mutu a tsakiyar rairayi da kaya niƙi-niƙi. Sai wanda ya taɓa buga kik da ƙafa ɗaya yana tokare da ɗayar ya san daɗinta. Wurin caji kuwa, ga wanda cinikinsa ke zuwa ta waya, ai jari ne.

Masu kushe shi su ma ba su yi ƙarya ba. Abu na farko mai. Kafin 29 ga Mayun 2023, lokacin da aka cire tallafi, lita ba ta kai naira 200 ba. Kafin ƙarshen 2024 ta haura 1,000. A da mahayi ba ya lissafin rabin lita, yanzu kuwa dole. A ƙaddara sabon ya fi tsohon shan rabin lita kacal a wuni, a kan naira 1,000 lita: naira 15,000 ke nan a wata. Wanda ke jigilar buhuna zai mayar da ita, don tafiya ɗaya tasa ta biyu ce ga mai ƙaramin inji. Wanda aikinsa kai mata asibiti da ɗauko yara daga makaranta, daga ina za ta fito? Ya sayi doki 12, yana aikin doki 5, yana ciyar da sauran a banza.

Na biyu ƙafa. Makanikai baki ɗaya suka ce ƙafa mai waya idan ta faɗa rami lanƙwashewa take, a ɗaure ta a miƙar a ƙarƙashin bishiya. Ta alminiyam ta fi kyan gani, ba ta kwancewa, amma ranar da ta tsage sai sabuwa. A titin birni ita ce gaba. A burji da hanyar shanu, tsohuwar dabara ta fi.

Na uku, duk abin da aka ƙara na lantarki, abin lalacewa aka ƙara. Batir yana mutuwa, zafin Afrilu irin namu ba ya barinsa ya daɗe, ƙura tana shiga makunni. Alhamdu lillahi ba a cire kik ba, kuma muna roƙon kada a cire.

Amma babban abin da muke zargin wannan sabon ƙira da shi, wanda mahaya ba su cika ambata ba, shi ne birki. An ƙara ƙarfin inji da kusan rabi, amma mafi yawan waɗanda ke shigowa kasuwanninmu birkin shu ne gaba da baya, irin na da. Masu ilimin lissafi sun tabbatar cewa nisan da abin hawa ke ci kafin ya tsaya ba ya ƙaruwa daidai da gudu, ninkawa yake: wanda ya tashi daga kilomita 60 a awa zuwa 80, nisan tsayuwarsa ya kusa ninki biyu. Ka haɗa wannan da buhu biyu, da yaro ɗan shekara ashirin da jini ke tafasa, da akuyar da ta fito daga gona. Birkin shu kuma idan ya yi zafi ko ruwa ya shige shi, kamunsa raguwa yake. Da mu aka tambaya, da mun ce a bar mana wurin caji a ba mu birki mai faifai a gaba. Wanda ya sami mai faifai, kada ya ji ƙyashin ƙarin kuɗin.

Dattawanmu kuwa da aka zo wannan gaɓa sai suka yi dariya, suka ce duk wannan gardama ta yara ce, babur an gama shi tun kan Honda CG125. Akwai son zuciya a ciki, mutum yana yabon babur ne yana tuna ƙuruciyarsa. Amma akwai darasi. Kafin Honda ta fitar da CG125 a 1975, sai da ta tura injiniyoyinta ƙasashen Asiya irin su Tailan da Indonesiya da Pakistan, suka ga yadda talaka ke hawa: lodi ya wuce ƙima, baƙin mai ba a canzawa sai ya zama kwalta. Maimakon su yi wa mutane wa'azi, sai suka ƙera injin da zai jure wannan wulaƙancin, da matatar iska ta soso da za a wanke a mayar. Wato sun kalli mai hawa kafin su zana abin hawa. Wannan shi ne ma'aunin da muke auna kowane sabon ƙira da shi. Shi kansa Boxer ai da haka ya kori Jincheng, wanda ke ƙona baƙin mai tare da fetur yana turnuƙe gari da hayaƙi: ya zo da doguwar kujera shimfiɗaɗɗiya, da ƙarancin shan mai, da kayan gyara a kowane lungu. Sabon ya riƙe kujerar da kariyar, ya kyauta. Ya ji kukan mai lodi, ya kyauta. Bai ji kukan mai tsayawa ba.

To, shawararmu ga mai sayen wa ɗansa ko ƙaninsa: kada ka tambayi wanne ya fi, tambayi wace hanya zai bi. Idan kasuwannin ƙauye ne masu nisa, da kaya, irin mai zuwa Maigatari ranar Alhamis, babban ya cancanci kuɗinsa, a nemi mai ƙafar waya. Idan zirga-zirgar cikin gari ce, ƙaramin ya ishe shi, rarar kuɗin a saya masa hular kwano biyu da takardu cikakku. Kafin a biya, a buga wa makaniken garin da yaron yake waya, a ji ko yana da kayan gyaran a kusa. Babur ɗin da zai kwana uku yana jiran kaya daga Kano, ranakun nan balas yana hawa kan yaron.

Tunda mun ambaci balas, bari mu faɗi abin da ya fi birki nauyi a wuyanmu. Yawancin baburan nan bashi ake ba da su, a riƙa biya mako-mako. Jumhurun malamai sun halatta a sayar da abu bashi da farashin da ya fi na hannu, da sharaɗin a yanke farashi ɗaya da wa'adi tun wurin ƙulla ciniki. Abin da bai halatta ba shi ne a ce ka makara, kuɗi ya ƙaru. Wannan riba ce ko da an canza mata suna. Haka nan wanda ya biya kashi uku cikin huɗu, ya yi rashin lafiya mako biyu, a ƙwace babur a haɗa da abin da ya biya, wannan zalunci ne, ko ɗan'uwanka ne ya yi. A rubuta yarjejeniya, a sa shaidu biyu, a faɗi abin da za a yi idan an sace ko hukuma ta kama. Mai sayar da na hannu kuma, idan ka san injin an taɓa buɗe shi, faɗa; mai saye yana da haƙƙin mayarwa idan aibin da ka ɓoye ya bayyana, kuma ko bai gane ba, akwai Wanda ya gani.

Ku kuma samari, mun ji kuna cewa sabon "ba ya jin kira". Ku ji kira ku. Gidajen da suka haɗa kuɗin nan ba gudu suka saya muku ba, abinci suka saya. Ku canza baƙin mai a kan lokaci, ku duba shu kafin ya cinye, kada ku ɗauki wanda ba ku yarda da shi ba, domin mu mutanen garin nan mun san abin da ya raba mu da babur, ba ma fatan wani gari ya ɗanɗana.

Allah Ya tsare mana ku a hanya, Ya sa albarka a nema, Ya dawo wa Borno da cikakken zaman lafiya. Wassalamu alaikum.