Dodon Teku da Majalisar Ministoci

A labarin Daura, maciji ya hana mutane ruwan rijiyar Kusugu sai ran Jumma'a, har baƙo ya zo da takobi ya sare kansa. Mutanen Japan su ma suna da dodonsu a silima, sunansa Gojira, Turawa na ce masa Godzilla. Amma su abin da ya dame su shi ne halin masu mulki sa'ad da dodon ya fito.

Fim na farko Honda Ishiro ya shirya shi a 1954. A watan Maris na wannan shekara Amurka ta gwada bom a tsibirin Bikini, tokarsa mai guba ta zubo wa wani jirgin masunta na Japan mai mutum 23, ɗaya daga cikinsu ya rasu a watan Satumba. Saboda haka da aka ce gwajin bom ne ya ta da dodon daga ƙarƙashin teku, 'yan kallo ba su bukaci bayani ba. Wurin da ya fi ma'ana shi ne zaman majalisa. Wani wakili ya ce a ɓoye maganar kada a ɓata da ƙasashen waje, wata wakiliya ta daka masa tsawa, ta ce a gaya wa jama'a gaskiya.

Ran 11 ga Maris 2011 girgizar ƙasa da ambaliyar teku suka lalata tashar nukiliya ta Fukushima. Kwamitin binciken da majalisar ƙasar ta naɗa ya ce a 2012 wannan masifa aikin ɗan Adam ce. Sa'an nan a 2016 Anno Hideaki da Higuchi Shinji suka fito da Shin Godzilla.

Galibin fim ɗin nan taro ne. Dodo na ture jiragen ruwa cikin kogi, ministoci kuwa suna tashi daga wannan ɗaki zuwa wancan, kowa na tambaya ma'aikatar wa ke da alhakin abin. Firayim Minista yana cikin tabbatar wa jama'a dabbar ba za ta iya hawa tudu ba, sai aka raɗa masa a kunne ta riga ta hau. Gwanintar masu fim ita ce ba su mai da ministocin miyagu ba. Mutanen kirki ne, sai dai kowa na tsoron ya yanke shawara a ɗora masa laifi, har aikin ya zama ihu bayan hari.

Babu Bayajida a nan. Wani saurayin jami'i, Yaguchi, ya tara ƙananan ma'aikata da masana waɗanda manya ba su ji da su, suka ɗura wa dodon magani ya daskare, kafin ƙasashen waje su jefa wa Tokiyo bom.

Amma fa akwai aibi. A fim na 1954 an nuna asibiti cike da masu rauni, da yarinya tana kukan uwarta. Na 2016 kuwa talakawa daga nesa ake hango su suna gudu, ba su da suna. Fim ɗin da ya zargi hukuma da manta jama'a, shi ma bai zauna da su ba. Duk da haka ƙarshensa daidai ne: dodon yana nan tsaye a tsakiyar birni, a daskare, kamar tashar Fukushima da har yanzu ba a gama kwance ta ba.