Ganɗoki da Ruwan Bagaja a Ma'aunin Wasan Zama Ɗaya

Gabatarwa

A shekarar 1974 aka buga ƙa'idojin wani wasa a Amurka mai suna Dungeons & Dragons, wanda Gary Gygax da Dave Arneson suka tsara. Yadda ake yin sa shi ne, mutum huɗu ko biyar su kewaye tebur, kowa ya ɗauki matsayin tauraro guda, ɗaya kuma ya zama jagora mai bayyana wuri da matsalar da ta taso. Ɗan wasa shi ke faɗin abin da tauraronsa zai yi, sa'an nan a jefa ƙwaya irin ta ludo a ga ko ya dace. Wani labarin kan ɗauki watanni, wani kuwa a fara shi a gama a zama ɗaya, na sa'a uku ko huɗu. Na biyun nan ne malamin Hausa zai iya gwadawa da ɗalibansa. Maƙasudin wannan maƙala shi ne a auna littattafai biyu na gasar da R. M. East ya shirya daga Zariya a 1933, wato Ganɗoki na Muhammadu Bello Kagara da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, a ga wanne ya fi cancanta a gina irin wannan wasa a kansa cikin birnin Zazzau.

Abin da birni ya riga ya sani

Ɗaukar matsayin wani ba baƙon abu ba ne ga yaran Kwarbai ko Unguwar Juma. Daga goma ga watan azumi sukan fita tashe, wannan ya zama Macukule, wancan Jatau mai magani, 'yan mata su yi Mairama da Daudu, kuma kowane wasa a ƙofar gida guda yake farawa ya ƙare. To amma kalmomin tashe gadonsu ake yi, ƙarshen tatsuniya kuma yana hannun mai ba da ita tun kafin ta buɗe baki. Sabon abin da wasan tebur ya kawo shi ne zaɓi: babu wanda ya san inda labari zai tsaya, har jagoran kansa. Saboda haka ma'auninmu guda ne, wato yawan hanyoyin da littafi ya bar wa tauraronsa a buɗe.

Littattafan biyu

Da ganin farko Ganɗoki ne ya dace. Ga takobi, ga yaƙi da Nasara, ga ƙasashen aljannu, ga ɗansa Garba Gagare a gefe. Wasan Amurkawan ma daga wasannin kwaikwayon yaƙi ya tsiro, kuma a ƙa'idojinsa na farko tauraro na samun ɗaukaka ne da kashe dodanni da kwasar dukiya. Sai dai jarumin Bello Kagara hanyarsa ɗaya ce: in aka tare shi ya yi sara, mai karatu kuma ba ya shakkar wanda zai rinjaya. Wannan kirarin kai ne mai daɗin saurare, amma in aka raba shi ga mutum biyar, abin da zai rage musu shi ne jefa ƙwaya da ƙidayar gawa.

Zubin Ruwan Bagaja dabam yake. Alhaji Imam ya fita da buƙata guda, wato nemo ruwan da zai warkar da ɗan sarki ya kuma wanke Liman daga wulaƙanci. Amma ƙashin bayan littafin shi ne karonsa da Malam Zurƙe ɗan Muhamman gari bayan gari, yau wannan ya yi wa wancan ƙulli, gobe a rama. Kowane karo cikakken labari ne mai farko da ƙarshe, kuma makaminsa harshe ne da dabara. Dabara kuwa ba ta da hanya ɗaya. Abin da Imam ya warware ta nan, ɗalibi na iya warware shi ta can.

Misali daga birni

Ganuwa da ƙofofinta sun isa su ba wasa iyakar lokaci, tun da a zamanin da akan rufe ƙofa da dare a buɗe da safe. Alal misali, a ce fatake huɗu sun iso Ƙofar Doka bayan an rufe, ɗayansu na ɗauke da maganin da ake jira a cikin gari kafin asuba, sarkin ƙofa kuma ya yi rantsuwa ba zai buɗe ba. Ko kuma a ce an sace sandar wani aljani na Dutsen Kufena, ya ba mutanen unguwa wa'adin dare guda, alhali ɓarawon na cikin 'yan wasan. A duka biyun takobi ba ya da amfani, sai lallashi da wayo da sanin wanda za a gaisar da yadda za a gaishe shi. Nan ne karin magana da habaici da ladubban fada za su fito daga bakin ɗalibi don yana bukatarsu.

Kammalawa

Saura batun ƙwaya. Bahaushe ya san caca da wuri tun kafin karta, don haka da wuya iyayen birni su ga ana jefa abu a tebur su natsu. Wasan da aka gina kan ƙarfi ba ya yiwuwa sai da ƙwaya, domin babu wata hanyar sanin ko sara ya kama. Wanda aka gina kan dabara kuwa masu saurare na iya yanke masa hukunci, kamar yadda ake yi a labaran nan da kan ƙare da tambayar wa ya fi wani gwaninta. A wannan ma'auni Ruwan Bagaja ya rinjayi Ganɗoki, kuma malamin da ke son gwada wasan ya fara da karon Imam da Zurƙe.