Jinjina ga Manoman Inabin Kudan

A Faransa, masu yawon buɗe ido sukan ɗauki mota su zagaya gonakin inabin Bodo, inda ake matse shi a yi giya. Mu namu inabin na ci ne, kuma mutumin Gwale bai buƙatar biza kafin ya ga gonar inabi. Ya yi sammako ya fita ta Gadon Ƙaya, ya hau titin Zariya, ya wuce Kura da Kwanar Ɗangora, daga Zariya ya nufi Hunkuyi, hedikwatar ƙaramar hukumar Kudan a Jihar Kaduna.

Can zai ga aikin haƙuri. Manomi ya kafa turaku, ya ja waya ya yi wa kuringar rumfa, ya bi ta reshe-reshe yana datsewa da almakashi, ga ban ruwa cikin rani. Da nonnan sun fara nuna kuma sai gadin tsuntsaye, waɗanda ba su san kunya ba. Mutanen nan sun ƙaryata masu cewa inabi sai ƙasar Turawa.

In za ka je, ka bari sai lokacin hunturu, kuma ka saya a bakin gona ba tare da dogon ciniki ba.