Lissafin Kasuwar Fim: Daga Kwalin Ƙofar Wambai Zuwa Wayar Mutumin Kunci

Duk ƙarshen shekara sai an yi muhawara a kan fim ɗin Hausa da ya fi kowanne kasuwa. Masoyan wannan jarumi su ce nasu ne, masoyan wancan su ce ba a ma kama ƙafar nasu ba. Amma da zarar an tambayi nawa fim ɗin ya ci, nawa kuma ya dawo da shi, sai magana ta tsaya. Tun daga Turmin Danya, wanda ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990, masana'antar nan ta haura shekara 30 tana ciyar da dubban mutane, amma har yau ba ta da kundi guda da za a buɗe a ga cinikin shekara. Wannan nazari ya duba yadda ake auna kasuwar fim da yadda ake hasashenta, da kuma mutumin da ma'aunanmu suka daɗe suna tsallakewa, wato mai kallo na karkara.

Yadda ake yi a wasu wurare

A Amurka, lissafin kuɗin tikiti sana'a ce mai zaman kanta. Ana sakin fim ranar Juma'a, kafin yammacin Lahadi an fitar da ƙiyasin abin da ya tara a kwana uku. Makonni kafin hakan, kamfanoni sun riga sun yi tambayoyi a cikin jama'a: wa ya ji labarin fim ɗin, wa ke niyyar zuwa, maza ne ko mata, yara ne ko manya. Daga cinikin kwana ukun farko ake hasashen abin da zai tara gaba ɗaya, kuma kusan rabin kuɗin gidajen sinima ne ke riƙewa. Duk da haka hasashe kan ci amanar masu shi. A 2012 kamfanin Disney da kansa ya sanar da asarar kusan dala miliyan 200 a kan fim ɗin John Carter. Sai dai asarar da aka rubuta ta zama darasi ga na baya.

A Indiya, kalanda ce uwar hasashe. Manyan fina-finai suna jiran bikin Diwali ko Ƙaramar Sallah. Salman Khan ya mai da Sallah tamkar gonarsa: Dabangg a 2010, Bajrangi Bhaijaan a 2015, Sultan a 2016, duk a lokacin suka fito suka kwashi kuɗi. Da ya saki Tubelight a Sallar 2017 bai yi kasuwar da aka zata ba, nan aka gane cewa rana mai kyau da sunan jarumi ba sa ɗaukar labarin da bai kama zuciya ba.

A kudancin Nijeriya ma an kama hanyar. Ƙungiyar masu gidajen sinima, CEAN, tana fitar da alƙaluman ciniki a kai a kai. Da su aka san cewa A Tribe Called Judah na Funke Akindele, wanda ya fito a Disambar 2023, shi ne fim ɗin gida na farko da ya haura naira biliyan 1 a sinima, kuma Everybody Loves Jenifa ya zarce shi bayan shekara guda. Furodusan Legas ya san Disamba ce kakarsa, ya san abin da na bara ya samu, da wannan yake zuwa wurin mai zuba jari.

Zamanin kwali

Kano ma ta taɓa samun nata ma'auni, kuma ma'auni ne na hikima. A zamanin kaset, furodusa ba ya sayar da kaset. Yakan kammala fim, ya buga kwalinsa mai hoton jarumai, ya kai kasuwar Ƙofar Wambai. 'Yan kasuwa ne ke da injinan kwafa da kaset maras komai. Su za su naɗi fim ɗin, su sa shi a kwalin furodusa, su biya shi kuɗin kowane kwali da ya fita. Kwalin da bai shiga ba, a mayar masa da abinsa. Brian Larkin ya bayyana wannan tsari a littafinsa Signal and Noise na 2008, inda ya nuna cewa haƙƙin mai fim a jikin kwali yake, ba a jikin kaset ba. Saboda haka tambayar da ake yi a kasuwa ita ce, kwali nawa ya sayar?

A cikin rumfunan nan aka samu gwanayen hasashe na farko. Ɗan kasuwa zai ɗauki kwali ɗaya daga ƙunshin da aka ɗaure da roba, ya dubi fuskokin da ke gaba, ya juya baya ya ga kamfani da mai ba da umarni, ya tambayi waƙa nawa ce a ciki da wanda ya rera. Kafin ya ajiye ya yanke adadin da zai karɓa. Yana da wasu alamun kuma: tallan fim da ake liƙawa a farkon wani kaset, da yawan dilolin Katsina, Sakkwato, Maraɗi da Damagaram da suka fara tambayar ranar fitowa. Idan dillali ya dawo sari kafin mako ya zagayo, an san fim ya shiga.

Wannan hasashe bai tsaya a rumfa ba, ya shiga har cikin labari. Da Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a wajajen 2000, waƙarsa ta riga shi shiga gari, kasuwarsa kuma ta girgiza masana'antar. Wasila ya biyo baya da irin wannan farin jini. Daga nan 'yan kasuwa suka riƙe ƙa'ida: soyayya, rawa da waƙa, da fuskar da aka sani. Farfesa Abdalla Uba Adamu ya yi rubutu mai yawa a kan yadda wannan buƙata ta kasuwa ta tura fim ɗin Hausa ga salon Indiya. Abin da ake aunawa shi ake nomawa. Wanda ya zo da labarin tarihi ko na rayuwar ƙauye babu waƙa, sai ya sha wuya kafin a karɓi kwalinsa.

Raunin ma'aunin kwali shi ne yana ƙirga sari, ba ya ƙirga kallo. Kaset ɗaya da mai shagon haya ya saya zai zaga gida 20. Gidan kallo mai janareto zai tara matasan unguwa guda a kan kwafi ɗaya. Ga masu satar fasaha da ke buga nasu kwalin. Sannan lissafin yana cikin littafin ɗan kasuwa da ƙwaƙwalwarsa. Mujallar Tauraruwa, wadda ta raɗa sunan Kannywood a 1999, da mujallar Fim da aka fara a shekarar, sun adana labarin masana'antar, amma alƙaluman ciniki sun zauna a rumfa. Da kasuwar faifai, wadda ta gaji ta kaset, ta durƙushe a tsakiyar shekarun 2010, ilimin ya watse tare da masu shi.

Kalandar da ke juya kasuwa

Wanda ke son ya fahimci shekarar fim ɗin Hausa, ya bar Zoo Road, matattarar 'yan fim a birnin Kano, ya nufi arewacin Kano, ƙasar Kunci, inda gona ke manne da gona daga Shuwaki zuwa Gwarmai. A nan kuɗi yana da lokacin zuwa da lokacin tafiya. Daga faɗuwar ruwa zuwa Agusta, abin da ke hannu na taki ne da iri da 'yan ƙwadago, rumbu kuma ya yi ƙasa. Daga Oktoba, an girbe gero, an cire gyaɗa, wake da dawa na shigowa, kasuwa ta cika, bukukuwan aure su kankama. Bayan kaka matasa su tafi ci-rani, wasu su koma noman rani a bakin ruwan Gari. Manomin da ya san dami nawa ya ɗaure bara, da shi yake auna bana; mai fim kuwa yana shuka kowace shekara ba tare da ya ƙirga damin da ya gabata ba.

A kan kalandar gona kuma akwai ta Musulunci. Da azumi kasuwar fim takan lafa, hankali ya koma tafsiri da ibada, sai ta farfaɗo da Sallah. Tun da shekarar Hijira tana gaza ta Miladiyya da kwana 11, Sallah tana yawo a cikin yanayi. Ƙaramar Sallar 2001 da ta 2002 a Disamba suka faɗo, ta 2003 zuwa ta 2005 a Nuwamba, ta 2006 a Oktoba. Ke nan a shekarun da kasuwar kaset ta yi tashe, Sallah da kaka sun haɗu a wata guda, aljihun mutumin karkara yana da nauyi a daidai ranar da sabon fim ke fitowa. Daga 2011 zuwa 2018 kuwa, Ƙaramar Sallah ta bi ta Agusta, Yuli da Yuni, tsakiyar damina, lokacin da talaka ya fi matsuwa. Babbar Sallah ta kusanci kaka a wasu daga cikin shekarun, amma kuɗinta na rago ne.

Ba za a ɗora mutuwar kasuwar faifai a kan kalanda ba. Satar fasaha, rashin tsaro da ya hana dilolin nesa zuwa Kano, matsin tattalin arziki na 2016, fina-finan Indiya masu fassarar Hausa, da shigowar wayar hannu, duk sun yi nasu aikin. Abin lura shi ne, furodusan da ya ce zai saki fim da Sallah ba abu ɗaya yake faɗa ba a 2004 da 2016. Da akwai kundin ciniki na wata-wata, da an ware tasirin kaka daga na Sallah, an kuma san watan da ya dace da kowane irin fim.

Ma'auni biyu masu gajeren hannu

Yau abu biyu ake nunawa idan ana son a ce fim ya yi kasuwa. Na farko sinima. Kano ta san sinima tun Rex a 1937, kuma bayan buɗe Ado Bayero Mall a 2014 Filmhouse ya kawo ta zamani, inda aka haska irin su Mansoor a 2017 da Mati a Zazzau a farkon 2020. Tikiti ma'auni ne mai tsabta, kowane kai da kuɗinsa. Amma kai nawa? Mutumin Kunci zai biya kuɗin mota zuwa Kano da dawowa, ya sayi tikiti, ya bar aikin yini. Matan aure, waɗanda su ne ginshiƙin masu kallon fim ɗin Hausa tun zamanin kaset, mafi yawansu ba sa zuwa sinima ko a birni. Cinikin ɗaki ɗaya ko biyu a Kano hoton wani yanki ne na matasan birni.

Na biyu YouTube. Da annobar korona ta rufe gidajen sinima a 2020, fina-finai masu dogon zango suka karɓe fage: Izzar So a YouTube, Labarina a Arewa24 da YouTube. Lambar masu kallo tana ƙasan kowane bidiyo, kowa na gani, wannan ci gaba ne. Sai dai lambar ba kuɗi ba ce, domin abin da ake biya ya danganta da talla da ƙasar da mai kallo yake. Kallo daga Turai ko Amurka ya fi na gida tsada nesa ba kusa ba. Kuma lambar tana ƙirga mai data ne kawai.

A ranar kasuwar ƙauye, je ka rumfar mai caji. Ga faifan sola a kan rufi, ga wayoyi jere a kan katako kowace da lambarta, ga tsohuwar kwamfuta a gefe. Yaro zai miƙo memori a naɗe cikin takarda, ya ce yayarsa ta aiko a sa mata ci gaban shirin da ta tsaya. Mai turi ya sauke shirin sau ɗaya a daren jiya, yau zai tura wa mutum 50. Da dare, waya ɗaya a jingine da kwano, gida guda na kallo, gobe a tura wa maƙwabta. A wurin YouTube duk wannan kallo ɗaya ne. Mai rumfar ya fi kowa sanin abin da ake nema: shirin da aka daina tambaya, jarumar da mata suka fi so, barkwancin da tsofaffi ke cewa a ƙara musu. Shi ne magajin ɗan kasuwar Ƙofar Wambai, amma babu mai zuwa ya tambaye shi.

Abin da rashin lissafi ke jawowa

Illa ta farko a kan jari take. Banki ko attajiri ba zai zuba kuɗi a inda ba a nuna masa cinikin bara ba, shi ya sa fim ɗin Hausa ya dogara da aljihun furodusa da na abokansa, kasafinsa kuma ya kasa girma. Ta biyu, kwaikwayo: idan babu alƙalami, jita-jita ce ke jan ragama, shiri ɗaya ya yi suna sai goma su fito da kamanninsa. Ta uku ta fi ciwo. Tun da mai data da mazaunin waje ne ke kawo kuɗi, labari ya koma gidajen alfarma da manyan motoci. Rikicin gadon gona, bashin taki, matar ɗan ci-rani da ke jiran aike, yarinyar da ke son ta ci gaba da makaranta, ba su cika samun mai ba da labarinsu da mutunci ba. Sau da yawa idan ɗan ƙauye ya fito a fim, abin dariya aka mai da shi, alhali shi ma mai kallo ne.

Kammalawa

Gyaran ba ya buƙatar abin da ba mu da shi. Hukumar Tace Fina-finai ta Jihar Kano, wadda aka kafa a 2001, ta hannunta fina-finai ke bi, don haka tana iya fitar da adadinsu da nau'insu duk shekara. Ƙungiyar masu sana'ar fim, MOPPAN, tana iya karɓar cinikin sinima da na intanet daga 'ya'yanta, ta fitar da jimilla ba tare da tona asirin kowa ba. Ɗaliban Jami'ar Bayero suna iya zaɓar rumfunan turi a yankuna irin su Kunci, Tsanyawa da Bici, su riƙa rubuta abin da aka fi nema kowane wata, da damina da kaka, da azumi da Sallah. Ya kamata kuma a zauna da tsofaffin 'yan kasuwar Ƙofar Wambai tun suna raye, a rubuta abin da suka sani. Shekara uku na irin wannan aiki sun isa su ba furodusa abin da zai dogara da shi kafin ya sayar da filinsa ya yi fim. Ga masu ruwa da tsaki a Kannywood, kira shi ne a fara rubutawa daga bana, kuma a fara ƙirga daga karkara.