Awara a Kwanon Baƙo: Nazari kan Wani Ƙaramin Gidan Abincin Ƴan Sin

Masu iya magana kan ce gani ya kori ji. Tun muna yara a Mayahi muke jin labarin abincin ƴan Sin, waɗanda muke kira Shinuwa, wai duk abin da ke motsi ci suke yi. Alhali kuwa mun daɗe tare da su. Nijar ta ƙulla hulɗar jakadanci da Sin a 1974, likitocinsu suka fara zuwa a 1976, har suka yi aiki a asibitin Maraɗi, kana a 2011 aka buɗe matatar man Damagaram da suka gina. Mun yarda su duba mana marasa lafiya, amma ba mu taɓa leƙa tukunyarsu ba.

Saboda haka, da wani taron malamai ya kai ni Yamai, sai na bi wani abokina zuwa wani ƙaramin gidan abincinsu da ke bakin gari. Tebur biyar ne kawai, da fanka mai ƙara, da jar fitilar takarda da ƙura ta dusashe. Mai gidan, wani dattijo, shi ne a bakin murhu, matarsa na karɓar kuɗi, masu hidima kuwa ƴan ƙasa ne.

Aibin farko da na gani yana cikin takardar jerin abincin: ba ta bambance abin da aka sa wa naman alade ko giya ba, sai da muka yi ta tambaya kafin hankalinmu ya kwanta. A ƙasar da kusan kowa Musulmi ne, wannan sakaci ne. Kuma ba za a ce buƙatar baƙuwa ce gare su ba, domin a Sin ɗin kanta akwai miliyoyin Musulmi ƴan ƙabilar Hui, masu gidajen abincin halal da alamarsu a bakin ƙofa.

Aibi na biyu shi ne soyayyar shinkafa. Mai ya yi mata yawa, magi ya danne komai, ta zama kamar dafa-dukan tasha. A fili yake an dafa ta ne bisa zaton abin da harshenmu ke so, ta tashi ba ta can ba ta nan.

Inda dattijon ya nuna gwanintarsa shi ne ganye. Ya soya kabeji da tafarnuwa da citta a kasko mai zurfi, da wuta mai ƙarfi, cikin ƴan mintoci, ya zo da launinsa da garɗinsa, aka ɗiga masa man riɗi. Na tuna cewa Sin na cikin manyan masu sayen riɗin da manomanmu ke nomawa, wanda muke sayarwa ɗanye a buhu.

Daga nan aka kawo wani farin abu yanka-yanka cikin romo mai yaji, suka ce sunansa dofu. Da na kai loma baki sai dariya ta kama ni, domin awara ce, irin wadda ƴan mata ke tuya a ƙofar kowace makaranta daga Tasawa zuwa Maraɗi. Sinawa sun fi shekara dubu suna daskarar da madarar waken suya. Mu kuwa ta Nijeriya ta shigo mana, inda cibiyar binciken noma ta Ibadan ta yaɗa sarrafa waken suya tun wajen shekarun 1980, sunanta ma daga wara ne, cukun ƙasar Yarbawa. Matanmu suka daskarar da ita da ruwan tsami, suka soya, suka barbaɗa yaji, har yaro ya ɗauka gadon kakanninsa ce. A ƙarshe aka zuba mana shayi ba sukari, ganyen nan dai da muke dafawa sau uku a kan gawayi, wanda shi ma daga Sin ake kawo shi.

Hukuncina a kan gidan shi ne: inda mai girkin ya tsaya kan abin da ya gada ya yi nasara, inda ya kwaikwayi namu ya faɗi. A nan darasin yake ga malamai da ƙungiyoyin al'adu. Wannan dattijo ya ƙetare teku da kaskonsa, bai ji kunyar abincin ƙauyensu ba. Mu kuwa, in an yi taro a Mayahi, shinkafa da taliya muke tarbar baƙo da su, mu ɓoye fura da dambu da kwaɗon zogale kamar abin kunya. Ya kamata ɗalibai su zauna gaban tsofaffin matan ƙauyukan Gulbin Kaba, su rubuta yadda ake haɗa daudawar batso da tuwon gero da miyar yakuwa, da sunayensu da ma'auninsu, tun masu sanin suna raye. Aro ba laifi ba ne, awara ta shaida haka, amma mai aro ya kamata shi ma yana da abin da zai ba da aro. Allah ya sa mu gane.