J.J. Johnson da Matsalar Turombon a Kiɗan Jaz

Gabatarwa

A wannan takarda muna so mu duba aikin James Louis Johnson, wanda aka fi sani da J.J. Johnson, mabushin turombon Baƙar Fata ɗan Amurka. An haife shi a Indiyanafolis a 1924, a can kuma ya rasu a 2001. Tambayar da za mu yi ƙoƙarin amsawa ita ce: shin gyaran da ya yi wa busar wannan ƙaho ci gaba ne, ko kuwa ya raba ƙahon da muryarsa ta gado, kamar yadda wasu masu sharhi ke zargi?

Ƙahon da Matsalarsa

Turombon shi ne dogon ƙahon tagullan nan da 'yan badujala ke turawa suna janyowa. Maimakon maɓallai, bututu gare shi mai zamewa, da matsaya 7, kuma sai hannu ya yi tafiya kafin a tashi daga wani sauti zuwa wani. Mabusan farko na Niyu Olins, irin su Kid Ory, sun mai da wannan nauyi ado, suna jan sauti yana sulɓewa. Tricky Sam Nanton na ƙungiyar Duke Ellington kuwa yakan toshe bakin ƙahon yana buɗewa har ya yi kamar mutum na magana.

Da Charlie Parker da Dizzy Gillespie suka fito da salon bibof a shekarun 1940, mai tsananin sauri da yawan sauye-sauyen amo, sai aka ɗauka turombon ba zai iya wannan tsere ba. Wato ƙahon na gab da komawa ɗan rakiya.

Hanyar da Johnson Ya Bi

Johnson ya koyi aiki a manyan ƙungiyoyi: ta Benny Carter daga 1942 zuwa 1945, sannan ta Count Basie zuwa 1946. Ya yi faifai da Parker a 1947, ya kuma shiga zaman ɗaukar da Miles Davis ya yi a 1949 da 1950, wanda daga baya aka tattara da sunan Birth of the Cool. Abin da ya yi shi ne ya rage jan sauti da karkarwar murya, ya riƙa yanke kowane sauti da harshe, yana zaɓen matsayar da ta fi kusa don hannu ya huta. Tsabtar busar ta kai har wasu da suka ji faifansa suka zaci turombon mai maɓallai yake busawa.

Duk da wannan suna, sana'ar ba ta ciyar da shi ba. Daga 1952 zuwa 1954 aikin duba zanen injiniyoyi ya yi a wata masana'anta. A cikin wannan ƙunci ne ya fara faya-fayan kamfanin Blue Note da aka sa wa suna The Eminent Jay Jay Johnson, tare da Clifford Brown a zaman 1953.

Zargin da Amsarsa

Masu zargi suna cewa busar Johnson ta cika sanyi da lissafi, kuma saksofon yake kwaikwayo. Ba za mu ce zancen ba shi da tushe ba. A ganinmu wasu faya-fayan da ya yi da Kai Winding tsakanin 1954 da 1956, waɗanda suka fi kawo masa kasuwa, santsinsu ya yi yawa, kuma gajeren lokacin da aka ba kowane mabushi bai bar wurin zurfafawa ba.

Amma wanda ya saurari faifan da ya yi da Stan Getz a gaban jama'a a 1957 zai ji zafi da gasa waɗanda suka rushe zargin sanyi. Sa'an nan kuma sauri ba shi ne ginshiƙin salonsa ba. Yakan ɗauki ɗan guntun amo ya maimaita, ya juya shi, ya yi shiru, sa'an nan ya ɗora. Wannan tunanin mai tsara kiɗa ne, kuma shi ne ya haifi "Lament", da "Poem for Brass" na 1956, da Perceptions da ya rubuta wa Gillespie a 1961. Wanda burinsa kwaikwayon saksofon ne da ya cika ko'ina da sauti. Johnson ragewa ya yi.

Inda muke ganin asara ita ce ƙaurarsa zuwa Kalifoniya a 1970 don rubuta kiɗan fina-finai, irin su Across 110th Street na 1972 da Cleopatra Jones na 1973. Aikin ya biya bukatar gida, amma ya nisanta shi da dandali sai 1987. Abin lura shi ne, faifan Vivian da ya yi don tunawa da matarsa bayan rasuwarta a 1991 ya nuna murya mai kauri da taushi, wadda masu zargi suka ce ba shi da ita.

Kammalawa

Hukuncinmu shi ne Johnson ya ajiye wani sashe na gadon turombon da gangan, domin ƙahon ya sami wurin zama a sabon kiɗa. Gadon bai mutu ba, don mabusa irin su Roswell Rudd sun farfaɗo da gurnani da jan sauti a shekarun 1960, yayin da Curtis Fuller da Slide Hampton suka bi sawun Johnson. Saboda haka bai dace a auna shi da mudun Ory ko na Nanton ba. Matsalar da ya tarar dabam ce da tasu, kuma da yadda ya warware ta ya kamata masu nazari su yi masa hukunci.