Nazari a Kan Zanen Kwandalar Fam Ɗaya ta Birtaniya

A ranar 28 ga watan Maris na shekarar 2017 ne Birtaniya ta fito da sabuwar kwandalar fam ɗaya, domin maye gurbin zagayayyiyar da ake amfani da ita tun 1983. Dalilin canjin kuwa shi ne yawan jabu, don an ƙiyasta cewa kusan ɗaya cikin kowace talatin na tsohuwar ta ƙarya ce.

Ta fuskar ƙira, kwandalar ta yi armashi. Tana da kusurwa 12, nauyinta giram 8.75, kuma ƙarfe biyu aka haɗa, gewayen ruwan zinariya, tsakiyar ruwan azurfa. A ƙarƙashin hoton Sarauniya Elizabeth ta Biyu akwai wani ɗan tambari wanda idan aka karkata kwandalar, alamar fam takan rikiɗe zuwa lamba 1. Ko makaho ya shafa ta zai gane ta. Dattawa za su tuna cewa taron da aka buga wa Nijeriya a 1959 shi ma kusurwa 12 gare shi, kamar taron Ingila na 1937 wanda wannan kwandala ta gaji siffarsa.

Inda ake da ja shi ne zanen bayanta, wanda David Pearce ya yi yana ɗan shekara 15. Tsirrai huɗu ne suka fito daga cikin kambin sarauta: wardin Ingila, da ƙayar Sikotilan, da albasar Wales, da ganye mai kunne uku na Ailan ta Arewa. Manufar a fili take, wato al'ummu huɗu a ƙarƙashin sarauta ɗaya, kuma an zaɓi zanen a 2015, watanni shida bayan ƙuri'ar da Sikotilan ta kaɗa kan ballewa. Sai dai filin ya yi wa tsirran kaɗan, sun cakuɗe, ba mai rarrabe su sai wanda ya riga ya sani. Taron Nijeriya kuwa auduga kaɗai ya ɗauka, manomi na gani ya san abinsa.

Fam ɗin Sarki Charles na Uku, wanda ya shiga hannun jama'a a 2024, ƙudan zuma biyu kawai aka zana masa, siffar kuma ba a taɓa ta ba. Mai tara kuɗaɗe da malamin tarihi ya kamata su jera ukun nan su kwatanta. Za su ga cewa zanen kuɗi ba ya isar da saƙo sai mai kashe shi ya iya karanta shi.